Makarantar Mazari: Nazari a kan Ra'ayin Gandhi game da Ilmi

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana damun iyayen yara a ƙauyuka, ko a wace ƙasa su ke. Tambayar kuwa ita ce, in yaro ya shiga makaranta ya yi shekara shida ko bakwai, zai fito ya ƙara amfani ga gidansu, ko kuwa zai fito yana raina fartanyar ubansa alhali bai sami aikin alƙalami ba? Masana da yawa sun yi tunani a kan wannan, amma kaɗan ne suka ba da amsa gaba gaɗi irin wadda wani mutumin Indiya ya bayar, watau Mahatma Gandhi. Yawancinmu mun san shi wajen neman 'yancin ƙasarsa. A nan ba zancen siyasarsa za mu yi ba. Tsarin makarantar da ya kawo za mu ɗora a ma'auni, mu ware tsaba da tsakuwa, mu ga abin da malamin zamanin nan zai ɗauka da abin da ya kamata ya bari.

Asalin ra'ayin

An haifi Gandhi a garin Porbandar, a yammacin Indiya, cikin 1869. Ya yi karatun aikin lauya a Landan, sa'an nan a 1893 ya tafi Afirka ta Kudu, inda ya zauna shekara 21. A can ne ya fara ɗanɗana aikin malanta. A 1910 shi da mabiyansa suka kafa wata gona kusa da Johannesburg, suka sa mata sunan Tolstoy, marubucin nan na ƙasar Rasha. Akwai yara a gonar, 'ya'yan Hindu da na Musulmi da na Kirista, ga shi kuwa ba kuɗin ɗaukar malami. Sai Gandhi da abokinsa Kallenbach suka ɗauki nauyin koyarwa da kansu. Yara suna aikin lambu, suna koyon sassaƙa da ɗinkin takalma, sa'an nan a zauna karatu. Dokar wurin kuwa ita ce, malami ba ya sa yaro aikin da shi kansa ba ya yi.

Da ya koma gida a 1915 sai ya dubi makarantun da Turawan Ingila suka kafa, bai ga abin da ya gamshe shi ba. Tun 1835 wani babban ma'aikacin gwamnati, Macaulay, ya ba da shawara a riƙa kashe kuɗin ilmi wajen koyarwa da Ingilishi, aka kuwa bi shawararsa. Gandhi ya ga illa uku cikin abin da wannan ya haifar. Ana cusa wa yaro ilmi da harshen da ba ya ji. Abin da ke cikin littafi ba ruwansa da zaman ƙauye, alhali mafi yawan mutanen Indiya a ƙauye su ke. Hannun yaro kuma yana zaune banza, har ya girma yana ganin aikin hannu ƙasƙanci ne. A ganinsa irin wannan makaranta akawuna kawai ta ke ƙerawa, kujerun akawu kuwa ba su da yawa.

Taron Wardha

A 1937 aka yi zaɓe, jam'iyyar Kongres ta kafa gwamnati a yawancin larduna 11 na ƙasar, ko da ya ke har yanzu Turawa ne ke riƙe da babbar gwamnati. Nan da nan sai ministocin ilmi suka sami kansu tsaka mai wuya. Jam'iyyarsu ta yi alkawarin ba kowane yaro ilmi, ta kuma yi alkawarin hana sayar da giya, harajin giya kuwa yana cikin manyan hanyoyin samun kuɗin larduna. To, ina za a samo albashin malamai?

Gandhi ya rubuta amsarsa cikin jaridarsa mai suna Harijan, sa'an nan aka kira taron masana da ministoci a garin Wardha ran 22 da 23 ga Oktoba, 1937. Taron ya tsai da shawara huɗu. Ta fari, kowane yaro ya sami ilmi kyauta, kuma tilas, har shekara bakwai. Ta biyu, a koyar da shi da harshen da ya tashi da shi. Ta uku, a gina dukan karatun a kan wata sana'ar hannu mai amfani, wadda ta dace da wurin da yaron ke zaune. Ta huɗu, ana sa rai sannu a hankali kuɗin kayan da yara suka yi ya riƙa biyan albashin malami.

Aka naɗa kwamiti ya tsara manhaja, shugabansa kuwa Dokta Zakir Husain, shugaban makarantar Jamia Millia Islamia, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasar Indiya a 1967. Manhajar ta yara ce daga ɗan shekara 7 zuwa ɗan shekara 14. Cikin awa biyar da rabi na yinin makaranta, an ba sana'a awa uku da minti ashirin. Ba a sa Ingilishi a ciki ba ko kaɗan. Sunan da tsarin ya yi fice da shi shi ne Nai Talim, watau sabon ilmi. Kalmar ta biyu ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe, gama ita ce ta'alimi da mu ke ji a bakin malamai, asalinsu ɗaya daga Larabci.

Yadda mazari ke koyar da lissafi

Wajibi ne mai karatu ya fahimci shawara ta uku sosai, domin ita ce ƙashin bayan tsarin, ita ce kuma aka fi yi wa gurguwar fahimta. Gandhi bai ce a koya wa yaro karatu da safe, a koya masa sana'a da yamma ba. Wannan an daɗe ana yi. Abin da ya ce shi ne, sana'ar ita ce za ta zama ƙofar da karatun zai shigo ta cikinta.

Sana'ar da ya fi so ita ce kaɗi da mazari, domin mazari ba shi da tsada, auduga kuma tana ko'ina a ƙauyukansu. A wurinmu kaɗi aikin mata ne, amma a makarantunsa maza da mata duk suna yi. Ga yadda a ke so darasin ya tafi. Yaro ya auna audugar da aka ba shi, ya gurje ta, ya sake aunawa, ya ga nawa ne nauyin angurya, nawa ne na kaɗa. Ya koyi awo da ɗebewa ke nan. Ya shiɓe, ya kaɗa, ya ƙirga kamu nawa na zare ya samu yau, ya rubuta a littafinsa. In ya kaɗa kamu 40 kullum, nawa zai tara a kwana 6? Ya shiga sau ke nan, ba tare da an sa shi haddar da bai san kanta ba. In zare ya riƙa tsinkewa, malami ya tambaye shi dalili, daga nan a shiga zancen laima da murɗi da tsawon silin auduga. A tambayi irin ƙasar da auduga ke so da yawan ruwan da ta ke bukata, a shiga labarin ƙasa. A tambayi dalilin da ya sa Indiya, wadda a dā duniya ke sayen tufafinta, ta koma aika da auduga Manchesta tana sayo yadi, a shiga tarihi. Da yamma yaro ya rubuta abin da ya yi yau da harshensa, ya koyi rubutu da tsara zance.

Inda ya yi gaskiya

A ganina Gandhi ya yi gaskiya a wurare biyu, zamani kuwa ya shaide shi.

Na fari, abin da hannu ya taɓa ya fi zama a kai. Duk wanda ya koyi karatu da girmansa ya san haka. Ɗan kasuwa da ya shiga ajin manya ba ya shan wuyar lissafi, domin ya daɗe yana yinsa da ka a bakin rumfa, lambobin ne kawai baƙi gare shi. Yaron da aka ce ya haddace bakwai sau takwas ba shi da wannan gata, sai in an ba shi abin da zai ƙirga. Sana'a kuma tana da wata fa'ida da allo ba shi da ita, watau ba ta karɓar ƙarya. Yaro ya iya satar amsa ya ci jarrabawa, amma in ya yi awon ƙofa ba daidai ba, ƙofar ba za ta rufu ba, kowa kuwa zai gani.

Na biyu, zancen harshe. Yaron da a ke koya wa lissafi da baƙon harshe kaya biyu ya ɗauka, ga lissafin, ga harshen. An gwada wannan a nan Nijeriya. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na jami'ar Ife suka fara wani gwaji, aka koyar da waɗansu yara da Yarabanci dukan shekara shida na firamare, Ingilishi kuwa aka riƙa koya musu shi a matsayin darasi ɗaya. Da aka gwada su da waɗanda aka juya wa harshe a tsakiyar firamare, sai aka ga sun fi su fahimtar darussa, ba su kuma kasa su a Ingilishin ba.

Akwai kuma wani ƙarfin hali cikin tsarin wanda sai wanda ya san Indiya zai gane girmansa. A can an kasa mutane jinsi jinsi tun daga haihuwa, sana'o'i irin su jima da dukanci da shara kuwa na waɗanda a ke ƙyama ne. Gandhi ya ɗauko aikin hannu ya ajiye shi a tsakiyar makaranta. A makarantarsa ta Sevagram, kusa da Wardha, malamai da yara su ke shara, su ke wanke makewayi, ko ɗan wane ne kai. Ya nufa a daina auna darajar mutum da laushin tafin hannunsa.

Inda ya yi tuntuɓe

Amma fa kome kyaun ɗaki, in an kafa shi a kan ramin gara, wata rana zai zauna. Ramin garar wannan tsari shi ne shawara ta huɗu. Talauci ne ya haife ta, Gandhi kuwa ya riƙe ta kam, har ya mai da ita ma'aunin da za a gane ko makaranta ta yi kyau. Tun a zauren taron wani masanin tattalin arziki, K. T. Shah, ya ƙi yarda da ita, ya ce za ta jawo bautar da yara. Kwamitin Zakir Husain ma ya yi gargaɗi kada neman kuɗi ya danne koyarwa. Gargaɗin yana kan hanya. In albashin malami yana rataye da yawan zaren da yara suka kaɗa, wane malami ne zai tsai da kaɗi ya tsaya bayanin tarihi? Zaren ɗan shekara bakwai kuma abawa ce mai kauri da ƙulle-ƙulle, masaƙi ba ya marmarinta. Audugar da mai koyo ya ɓata ita ce kuɗin koyonsa, ba a kuwa cin riba da mai koyo. Shi ya sa rahoton Sargent na 1944, wanda ya tsara ilmin bayan yaƙi, ya karɓi koyarwa ta hanyar sana'a, ya ƙi zancen makaranta ta ci da kanta. Ilmin yara nauyi ne a wuyan hukuma da iyaye, bai kamata a juye shi a kan yaran ba.

Tuntuɓe na biyu, ba kowane ilmi ne ke ratayuwa a jikin mazari ba. Awo da ƙirga suna shiga da sauƙi. Amma akwai fannonin lissafi da na kimiyya waɗanda sai an bi su daki daki bisa tsarinsu, in an ce dole sai an ɗaura su ga auduga, sai abin ya zama wasa. Tsarin kuma yana bukatar malami mai baiwa biyu, gwanin sana'a, gwanin jawo darasi daga cikinta. Irin wannan malami ya fi malamin allo wuyar samu, ya fi shi tsadar horarwa. Inda ba a same shi ba, sai makaranta ta koma awa uku na kaɗi, awa biyu na hadda, ba abin da ya haɗa su.

Na uku, Gandhi ya tsara makarantarsa domin irin ƙasar da ya ke fata, ta ƙauyuka masu ci da kansu, masu tufatar da kansu, ba su dogara ga manyan injuna ba. Indiyar da ta sami 'yanci a 1947 ba ta bi wannan hanya ba. Gwamnatin Nehru ta zaɓi masana'antun ƙarfe da manyan madatsan ruwa. Jami'o'i da ayyukan gwamnati suka ci gaba da neman Ingilishi da takardar jarrabawa. Yaron da ya fito makarantar mazari sai ya tarar ƙofofin nan a rufe. Iyaye ba wawaye ba ne. Masu hali, har da manyan da ke yabon tsarin a bainar jama'a, suka kai 'ya'yansu makarantun Ingilishi, aka bar makarantar sana'a ga 'ya'yan talakawa. Tsarin da aka yi domin a rushe bambanci sai ya zama wani sabon bango.

Akwai misalin da ya nuna zafin wannan al'amari. A 1953 Rajagopalachari, shugaban gwamnatin Madras kuma tsohon abokin Gandhi, ya kawo wani tsari na rage awoyin makarantun ƙauye, yara su yi rabin yini a aji, sauran rabin su koyi sana'ar iyayensu a gida. Wannan ya saɓa wa abin da Gandhi ya faɗa, tun da ya fitar da sana'a daga hannun malami. Amma mutane suka ga inda aka dosa, watau ɗan wanzami ya tabbata wanzami, ɗan mai shara ya tabbata mai shara. Periyar da mabiyansa suka tashi haiƙan, har Rajagopalachari ya sauka a 1954, Kamaraj da ya gaje shi ya soke tsarin.

Ban da waɗannan, tun da fari jam'iyyar Musulmi ta Muslim League ta ƙi tsarin Wardha, cikin dalilanta har da rashin darasin addini a manhajar, domin Gandhi ya bar wannan ga iyaye. Ƙasa mai addinai da yawa ba ta iya kafa makarantar kowa da kowa sai ta sami yardar kowane ɓangare, wannan yarda kuwa ba a same ta ba.

Abin da ya sami tsarin

Tsarin bai sami sararin tsayawa da ƙafafunsa ba. A 1939 ministocin Kongres suka ajiye aiki saboda an sa Indiya cikin yaƙin duniya ba da shawararsu ba. An kashe Gandhi ran 30 ga Janairu, 1948. Bayan 'yanci an buɗe makarantu masu yawa da sunan tsarinsa, amma galibinsu suna ne kawai. Hukumar Kothari, wadda ta binciki ilmin ƙasar daga 1964 zuwa 1966, ta ba da shawara a sa aikin hannu a matsayin darasi cikin darussa, watau dai abin da Gandhi ya ce bai isa ba. Ilmi kyauta kuma tilas, wanda aka yi alkawarinsa a Wardha, sai a 2009 aka kafa dokarsa, domin yara daga shekara 6 zuwa 14.

Duk da haka ra'ayin bai mutu ba. Manufar ilmi da gwamnatin Indiya ta fitar a 2020 ta ce a koyar da harshen gida aƙalla har aji biyar inda ya yiwu, a fara nuna wa yara sana'a daga aji shida, a kuma ba su kwana goma ba jakar littattafai, su zauna wurin masassaƙa da masu lambu da maginan tukwane. Kwana goma ba awa uku na kullum ba ne, amma ya nuna har yanzu tambayar da Gandhi ya yi tana neman amsa.

Abin da ya rage ga malamin yau

To, me za mu ɗauka? Mazari ya yi zamaninsa, ba kuwa shi ne zuciyar maganar ba. Lambun makaranta, ko keken ɗinki, ko gyaran famfon burtsatse, ko haɗa fitila mai aiki da hasken rana, ko kwamfuta inda a ke da ita, kowannensu ya iya tsayawa a gurbinsa, muddin an cika sharaɗi biyu.

Sharaɗi na fari, aikin ya zama hanyar karatu. Mun ga abin da ke faruwa in an raba su. Sa'ad da Nijeriya ta fara tsarin 6-3-3-4 a 1982 an sayo injunan koyon sana'a daga ƙasashen waje, da yawansu kuwa suka lalace cikin akwatunansu, don ba lantarki, ba malamin da ya iya su. A waɗansu makarantu kuma darasin aikin hannu ya koma yaro ya sayo tsintsiya a kasuwa ya kawo a ba shi maki. Malamin da ya sa yara suka auna filin makaranta da igiya, suka lissafa irin da zai ci, suka rubuta ranar shuka da ranar tsiro, ya fi kusa da abin da Gandhi ke nufi, ko da bai kashe kwabo ba.

Sharaɗi na biyu, hanyar ta zama ɗaya ga kowa, kuma kada ta toshe. In aikin hannu yana da kyau ga ɗan manomi, yana da kyau ga ɗan minista. Yaron da ya fara da harshensa da sana'ar garinsu, wajibi ne a koya masa harshen da jami'a ke nema, a koya masa da kyau, don in yana da kai ya wuce ya zama likita ko injiniya. Duk tsarin da ya ware wa talaka makaranta dabam, kome daɗin sunansa, talaka zai guje shi, kuma da gaskiyarsa.

A 1945, a wani taro a Sevagram, Gandhi ya faɗaɗa ra'ayinsa, ya ce sabon ilmi ya game rayuwa duka, tun daga ƙuruciya har tsufa, kuma karantar da iyaye yana cikin aikin. A nan maganar ta iso gare ku, ku da kuka riga kuka iya sana'a kafin ku iya baƙi. Kun shiga ilmi ta ƙofar da ya ke so yara su shiga, saboda haka kuna da abin da za ku taimaki malami da shi. In yaro ya komo daga makaranta, a miƙa masa littafin bashin shago ya tara, a sa shi ya ƙirga dammunan da aka ɗaure ya rubuta, a tambaye shi mudu nawa ke cikin buhu, nawa za a samu in an sayar. In ya iya, makarantarsa tana aiki. In ya kasa, sai a je a gai da malam, a zauna a yi shawara.